Ƙaramin Yatsan Hagu da Rautar Ofis

Litinin, 5 ga Mayu

Yau Manaja ya kira mu, ni da Maƙwabciya, ya ce ƙarshen Yuli za a rufe ɗakin buga takardu. Wai yanzu kowa yana buga wasiƙarsa da kansa. E, suna bugawa, da yatsa biyu, sannan su lallaɓo su kawo mana mu gyara. Wannan a zuci na faɗa.

Gurbi ɗaya ya rage a duk ma'aikatar: mataimakin Injiniya, a ɗakin na'urori. Amma sai mai satifiket na haɗa sadarwar kwamfuta. Manaja ya faɗi haka yana kallon silin, alamar bai sa ran ko ɗayarmu za ta iya ba.

Maƙwabciya, wadda teburinta ke jingine da nawa har sunan ya bi ta, ta shiga banɗaki ta sha kukanta. Ni ban yi ba. Na dai tsaya ina hararar kujerar Sakatare da ke bakin ofishin Manaja, mai hannuwa biyu, ga taga a bayanta. Tun ranar da na fara aiki nake son kujerar nan. Mai ita kuwa lafiyarsa ƙalau, ko tari ba ya yi, Allah Ya ƙara masa.

Na gaya wa maigidana. A nan zan riƙa ce masa Tela, tunda sana'arsa ce, kuma ba zai karanta ba. Ya zare allura daga bakinsa ya ce, "To ki yi satifiket ɗin mana." Sai ka ce cewa ya yi in miƙo masa almakashi.

Laraba, 7 ga Mayu

Na je wurin Injiniya. Ɗakin ba taga, sanyin esi har cikin ƙashi, fankoki na ta gurnani, wayoyi sun sauko ta ko'ina. Shi kansa cikin suwaita yake, magana kuma sai ka roƙa.

Na ce ina son in zauna jarrabawar. Ya dube ni, ya dubi hannuwana, ya buɗe kabad ya ciro wani tsohon akwatin ƙarfe, da shuɗin kebul, da littafi mai kaurin bulo.

"Rauta ke nan," in ji shi. "Ita ke nuna wa saƙo hanya daga kwamfutocinmu zuwa waje. Ba linzamin kwamfuta, ba hoto. Rubuta mata umarni ake yi."

Na ce in dai rubutu ne ai an zo gida. Ya miƙo min su. Na tsani ɗakin nan, amma na fi tsanar zaman banza.

Asabar, 10 ga Mayu

Tela ya ba ni aron kusurwar teburin yankansa, da sharaɗin kada in taɓa masa alli. Na jona rauta da tsohuwar kwamfutarmu. Baƙin allo, da wani ɗan ɗigo yana ƙifta min ido. Na rasa abin rubutawa, sai na buga "sannu" na danna Enter. Ai gaisuwa ba laifi ba ce.

Shi ke nan ta tsaya cak. Na danna wannan, na danna wancan, ko gezau. Na kira Injiniya a waya, ina jin kunya. Ya ce duk kalmar da ba ta sani ba, ɗauka take sunan wata na'ura ce, sai ta tafi nema. In haɗa Ctrl da Shift da 6 in danna tare, za ta dawo. Na danna, ta dawo.

Tela ya yi dariya har ya dafe keke. Wai na gaishe ta, ita kuma ta fita nemo wanda nake gaisarwa. Ni ma na yi dariyar, rabona da irinta tun Litinin.

Talata, 13 ga Mayu

Tab. Allah Ya saka wa wanda ya ƙirƙiro maɓallin Tab. Ka buga farkon umarni, haruffa kaɗan, ka danna shi, rauta ta ƙarasa maka sauran. Shekara da shekaru ina ƙarasa wa mutane maganganunsu a takarda, yau ga wadda take ƙarasa min nawa. In kuma ka manta abin da ke biye, ka buga alamar tambaya, ta jero maka duk abin da za ka iya cewa, ba gori, ba tsaki.

Na zauna ina ta wasa da su har tukunya ta kama. Ba wai son rautar nake ba. Aiki nake nema.

Lahadi, 18 ga Mayu

Ashe matsalar ba a kaina take ba, a yatsuna take.

A wurin buga wasiƙa, Ctrl da A zaɓar duk rubutun yake. A rauta, mayar da kai farkon layi yake. Ctrl da E ya kai ka ƙarshen layi. Ctrl da W da na sani rufe takarda yake, nan kuma goge kalma ɗaya ta baya. Ctrl da U ya share layin duka. Ctrl da C da nake kwafa da shi tun ina budurwa, nan soke abin da kake ciki yake yi. Kaina ya gane duk wannan tsaf. Ƙaramin yatsana na hagu ne bai yarda ba. Kafin in yi tunani ya riga ya sauka kan Ctrl yana jan 'yan'uwansa zuwa tsohuwar hanya.

Tela ya ce ya san ciwon. Lokacin da ya bar keken ƙafa ya koma na lantarki, ƙafarsa ta daɗe tana kaɗawa ita kaɗai a ƙarƙashin tebur, har mutane suna zaton sanyi yake ji. Yanzu ya naɗa kansa malamina. Ina wanke-wanke sai in ji daga ɗaki, "Malama, kantoro da E?" In ce ƙarshen layi. Ya ce, "Daidai," kamar ya sani. Na gwada shi, na ba da amsar ƙarya. Nan ma ya ce daidai.

Alhamis, 22 ga Mayu

Kibiyar sama ta kan kibod tana dawo da umarnin da ka riga ka rubuta, ba sai ka sake bugawa ba. Da Tela yana da ita, da na huta da maimaita zancen gyaran famfo.

Juma'a, 23 ga Mayu

Maƙwabciya ta ari littafin Injiniya shekaranjiya, yau ta dawo da shi. Ta ce, "Yaya, ni kaina ba zai ɗauka ba. Ina komawa gida jinyar Mama ke jirana, ina buɗe shi barci ke sace ni." Ta fara kai takardunta wasu wurare. Har yanzu shiru.

Na so in ba ta labarin Tab, na haɗiye. Ban san yadda ake jin daɗi kusa da wanda ba ya ji ba.

Asabar, 31 ga Mayu

Lissafin raba adireshin na'urori zai kashe ni. Na yi rajistar jarrabawa duk da haka, 28 ga Yuni. Kafin in danna maɓallin rajistar, Tela na tsaye a kaina da tef a wuya yana cewa, "Danna kawai, Malama, ai ba ya cizo."

Laraba, 4 ga Yuni

Yanzu lokacin hutun rana a ɗakin Injiniya nake yinsa. Ina zuwa da mayafi mai kauri. Yau ya tsaya a bayana ina gwaji, na yi kuskuren harafi, sai ya ga yatsuna sun yi wajen Z. Ya ɗora biro a kan kibod.

"A wurinku Ctrl da Z janye kuskure ne."

Na ce e, shi ne babban aminina.

"A nan ba haka ba ne. Duk abin da ke kan layi sai ta aikata shi tukuna, sannan ta fitar da ke daga wurin saiti. In kin ga kuskure, U ko C. Ba Z ba."

Na ce na ji. Ya ce, "Ke kin ji." Ya kalli hannuna na hagu, ya koma kujerarsa. Wannan ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi min.

Talata, 10 ga Yuni

Bari in rubuta tun ban manta komai ba.

Yau Injiniya ya ce lokaci ya yi da zan taɓa rautar gaske, ta ofis. Ƙaramin aiki: akwai wata ƙofa a jikinta, wato inda ake soka waya, da aka daina amfani da ita, in rufe ta. Ƙofa ta ɗaya. Ya jona min shuɗin kebul, ya juya yana haɗa shayinsa.

Na shiga wurin saiti da Tab ɗina, ina jin kaina. Na zaɓi ƙofa. Na buga shutdown, umarnin rufewa ke nan. Ban danna Enter ba, na ɗaga ido in duba, kamar yadda aka koya min. Sai na ga sifili na buga, ba ɗaya ba. Ƙofa ta sifili kuwa ita ce wadda duk intanet ɗin ma'aikata ke bi ta cikinta.

Wallahi ni ban danna ba. Yatsan ne. Ya ga kuskure, ya yi abin da ya saba. Ctrl da Z.

Wata koriyar fitila a gaban rauta ta mutu. Sai na fara jin ƙofofi suna buɗewa a baranda, wannan na tambayar wancan ko nasa ma ya ɗauke. Sai a lokacin na tuna Manaja yana taro ta bidiyo da manyansa.

Na juya. Injiniya na tsaye da kofi. Na matsa masa daga kujera, shi kuwa ya ajiye kofin ya zuba hannuwansa cikin aljihu.

"Wa ya kashe?"

Na ce ni.

"To."

Shi ke nan abin da ya ce. Na koma na zauna. Na sake shiga wurin saiti. Kibiyar sama, kibiyar sama, ga ƙofar da na shiga bisa kuskure, yanzu kuma ita nake nema. Enter. Kibiyar sama, ga shutdown ɗina ya dawo yana kallona. Ctrl da A, na faɗa farkon layi. Na buga no a gabansa, wato a warware. Na duba, na sake dubawa, na danne hannun hagu a ƙarƙashin cinyata, na danna Enter da na dama.

Fitilar ta yi jim, sannan ta kawo. Kore shar.

Manaja ya leƙo, fuska a murtuke. Kafin ya buɗe baki Injiniya ya ce, "Mun gyara, ranka ya daɗe." Mun. Manaja ya dube ni, ya dubi mayafina, ya tafi.

Na shiga banɗaki da niyyar kuka, sai dariya ta ƙwace min. Ni, mai buga wasiƙa, na kashe ma'aikata guda da yatsa ɗaya, na kuma tashe ta. Na san ba abin alfahari ba ne. Amma lokacin da fitilar nan ta dawo na ji wani daɗi da ban taɓa ji ba a kan wata wasiƙa, ko wadda ta fita ba kuskure ko ɗaya. Na ba Tela labarin a tsaye, ko jaka ban ajiye ba, ina yi ina kwaikwayon "To" ɗin Injiniya. Ya bar ɗinkinsa yana ta kallona.

Laraba, 11 ga Yuni

Na dawo na tarar da kibod ɗin gida da giɓi. Tela ya sa abin farke ɗinki ya ɓanɓare Z, ya jefa cikin gwangwanin maɓallan riga. Ya ce sai na ci jarrabawa zai mayar. Duk lokacin da yatsan ya tafi can, rami yake tararwa. Yau ya faɗa ramin ya fi a ƙirga.

Lahadi, 15 ga Yuni

Yatsan ya rage faɗawa ramin. Ya fara sanin hanyar U.

Alhamis, 19 ga Yuni

Na koyi Ctrl da R. Wani lokaci kana tsakiyar rubutu rauta za ta katse ka da nata surutun, wai waya kaza ta tashi, waya kaza ta kwanta, layinka ya watse. R ya dawo maka da shi a tsare. Na ce wa Injiniya ashe ita ma tana da halin masu katse magana. Gefen bakinsa ya motsa. Ina jin murmushi ne.

Ya ce kada in jingina da Tab kaɗai, in haddace umarnin a cike, don ban san irin allon da zan tarar a ɗakin jarrabawa ba. Yanzu ina tafiya a hanya bakina na motsi. Wata mata a mota ta zaci addu'a nake, ta ce in sa da ita.

Juma'a, 27 ga Yuni

Gobe. Abinci ya ƙi shiga. Maƙwabciya ta sa min alewa a jaka.

Asabar, 28 ga Yuni

Na ci. Na ci. Bari in sake rubutawa in gani da idona: na ci.

Ɗakin jarrabawar a saman wani shagon kayan wuta yake. Suka karɓi waya da jaka suka kulle, suka zaunar da ni a wani lungu, kyamara a sama. Duk sauran masu zaman na haife su. Tambayoyin farko sun ba ni wuya, lissafin nan ya so ya kayar da ni. Da aka zo wurin aiki da rauta kuwa, baƙin allon nan ya buɗe, sai na ji kamar na shiga ɗakina. Sau ɗaya na yi kuskure a layi, na ji yatsan ya ɗaga. Ya tsaya a sama, ya yi shawara, hannuna ya tafi U.

Da sakamakon ya fito na daɗe ina kallonsa, har mai tsaron ɗakin ta zo ta taɓa ni ta ce, "Baba, an gama, kin wuce."

Tela na ƙasa. Ashe rufe shago ya yi ya biyo ni, ya zauna kan bencin mai kayan wuta tun safe, har ya gyara wa mutumin aljihun riga. Yana ganin fuskata ya miƙe ya ce wa mai shagon, "Ka ga matata nan? Injiniya ce." Na ce ya rufa min asiri. A mota ma sai da ya gaya wa direba.

Litinin, 30 ga Yuni

Na kai wa Injiniya takardar. Ya karanta har ƙasa, ya ce, "Madalla." Sannan ya janye wani kwali daga kan ƙaramin tebur da ke kusa da rauta, ya goge teburin da hannun suwaitarsa.

Da rana Manaja ya kira ni. Na zaci maganar gurbin ce. Ashe Sakatare ne zai ajiye aiki, ɗansa ya matsa ya koma kusa da shi ya huta. Manaja ya ce, "Kujerar taki ce, kin fi kowa cancanta. Ki bar ɗakin sanyin nan, sai mu nemo wani yaro daga waje." Ya ba ni zuwa Juma'a.

Na fito na koma teburina. Abin da na daɗe ina roƙo ke nan. Ya kamata in yi ta tsalle.

Laraba, 2 ga Yuli

Sakatare bai zo ba, aka ce in riƙe masa wurin. Kujerar ta fi yadda nake zato laushi. Hasken taga na sauka daidai kan tebur. Na buga wasiƙu, na amsa waya, na ce wa baƙi su jira. Ba abin da ya gagare ni, ko ɗaya.

Wajen la'asar firinta ta daina ganin kwamfutoci. Na ga Injiniya ya wuce da shuɗin kebul a hannu. Ban san na miƙe ba sai da waya ta yi ƙara ta zaunar da ni. Har aka tashi ina ta tunanin me ya sami firintar, kuma ba wanda ya gaya min.

Maƙwabciya ta kawo min fayil, ta shafa hannun kujerar ta ce, "Ta dace da ke, Yaya." Da gaske take, shi ya fi damuna.

Juma'a, 4 ga Yuli

Na ce wa Manaja ya ba Maƙwabciya kujerar. Na ce hannunta da tsabta, ta fi ni haƙuri da baƙi, ga jinyar mahaifiya, ni kuma ina da inda zan dafa. Duk gaskiya ne. Ya jinjina kai ya ce irina ba su da yawa. Maƙwabciya ta rungume ni ta jiƙa min kafaɗa. Kafin a tashi labari ya zaga, kowa na sa min albarka, wai na sadaukar da abin da na fi so. Na yi ta sunkuyar da kai ina cewa ba komai. To me zan ce?

A gida na maimaita wa Tela, da duk dalilan, a jere. Ya saurara har na gama. Sai ya jawo leda daga ƙarƙashin teburin yanka ya ce in gwada. Rigar sanyi ce, mai shafi a ciki, da aljihu babba a gefe daidai zaman kebul. Ba aikin kwana ɗaya ba ne.

Na ce yaushe ya yanka wannan?

Ya ce, "Ranar da kika kashe musu intanet kika dawo kina dariya."

Na ce ni fa saboda Maƙwabciya na yi. Ya ce, "Daidai."

Na sa. Ta zauna min. Hannun ne ya ɗan yi tsawo, na ce ya rage shi kafin Litinin, kada ya riƙa taɓa min kibod.